Ba Hazbiya Ba Ce

"Ba hazbiya ba ce."

Dakta Chundung ba ta ɗaga murya ba, amma sai da Mashkura ta ji maganar har tafin ƙafarta.

Su uku ne a ɗakin likitar, a wani asibiti cikin garin Dutse. Idirisu, saurayin da ta daɗe tana rigima da gidansu a kansa, yana zaune gaban tebur ya haɗe hannuwa. Mahaifiyarsa, Dada, tana can gefe ta juya fuska wajen bango. Ita kuwa Mashkura a tsaye take bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, don a gida cewa ta yi ta tafi makarantar da take koyarwa.

"To mene ne, likita?" in ji Idirisu.

"Naman da muka ɗiba muka aika Kano, sakamako ya dawo. Malam Idirisu, ciwon daji ne. Kansa ce ta fata."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Mashkura ba ta san da ƙarfi ta faɗa ba. Jakar ta zame ta faɗi, ba ta ko kalle ta ba. Kansa? A wannan ɗan ƙurjin? Kai jama'a! Abin da bai kai ƙwayar wake ba, a saman fatar idonsa na hagu, wanda kowa ya mayar abin tsokana?

Tun kafin damina ya fito. Kowa ya gani sai ya ce hazbiya ce, ɗan kumburin nan da kan fito a fatar ido, ya yi kwana biyu ya fashe. Abokan aikinsa a ofishin kula da dabbobi na Taura har suna masa dariya, wai kallon amarya ne ya yi yawa tun ba a ɗaura ba. Aka gasa da ruwan ɗumi, bai tafi ba. Mai kyamis ya ba da man shafawa, bai tafi ba. Wanzami ya tsaga ya matse, ya kwanta kamar da gaske, sai ga shi ya dawo ya fi da tauri. Shi kuwa gogan naka ko a jikinsa, tunda ba ya ciwo. Sai ranar da ya zo zance Mashkura ta lura gashin idon wurin ya zube ƙwal. Da kuka da fushi ta ja shi asibiti.

"Likita, don Allah ki sake dubawa," in ji Mashkura. "Ko dai an haɗa da na wani? Mutumin da ko zazzaɓi ba ya yi?"

"Zo ki zauna, ƙanwata," in ji likitar. 'Yar Filato ce, ta daɗe tana aiki a Jigawa, Hausa a bakinta tas. "Zauna in yi muku bayani yadda za ku gane."

Mashkura ta zauna a bakin benci.

"Kun san fatar mutum tana fitar da maiƙo. Akwai wasu 'yan ƙananan jakunkuna a cikin fata, su ke yin wannan maiƙon, kuma babu inda suka fi yawa kamar fatar ido. To a cikinsu wannan ciwon yake tasowa. Ba kasafai ake ganinsa ba, likita ma sai ya daɗe yana aiki bai haɗu da shi ba. Muguntarsa ita ce kama da yake yi da hazbiya, shi ya sa ake ɓata lokaci ana gashi ana shafa mai. Ni abin da ya tsayar da ni ranar farko, na ga yana da tauri, launinsa ya yi rawaya-rawaya, ba ya ciwo, an tsaga ya dawo a wuri guda, ga gashin ido ya zube. Hazbiya ba ta cin gashin ido."

"Zan rasa idon?" Idirisu ya tambaya. Yadda ya yi tambayar kai ka ce idon wani ake magana.

"Ina fata ba za a kai nan ba. Za a yi tiyata a yanke shi har da ɗan naman da ke kewaye, a gyara fatar. Na taɓa gaban kunnenka da wuyanka ban ji kaluluwa ba, wannan alama ce mai kyau. Amma sai an yi hoto mun tabbatar bai bazu ba. Abin da ba na so shi ne jinkiri."

Mashkura ta sauke numfashi. Har zuciyarta ta fara lissafi: a yi aikin, ya warke, a ce wa mutanen gida ƙurji ne aka cire. Shi ke nan.

Ashe da sauran magana.

Dakta Chundung ta juya kujerarta wajen tsohuwar da ke fuskantar bango.

"Mama, saboda ke na ce ya zo da babba daga gida. Wannan ciwon na tsofaffi ne galibi. In muka gan shi a jikin matashi kamar ɗanki, dole mu tambayi dangi, don wani lokacin yana tafiya tare da wani abu da ake gado. Me ya yi ajalin mahaifinsa?"

Dada ba ta juyo ba.

"Kwana ne ya ƙare," ta ce.

"Haka ne, Mama. Amma wace irin jinya ya yi?"



"Ina ƙarami lokacin," in ji Idirisu. "Ina wajen kakata. An dai ce mini ciwon ciki ne."

"Mama, ki dubi idon ɗanki da kyau," likitar ta ce a hankali. "Kin taɓa ganin irin wannan ƙurjin a fuskar babansa, ko wani a danginsu?"

Nan fa ake yinta. Likita ba ta san abin da ta roƙa ba, amma Mashkura ta sani. Idirisu ɗan farin Dada ne, ita kuwa Bafulatana ce ta asali, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da haƙori. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Ko da suka bar ruga suka zauna a Taura, in ya shigo gaishe ta daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana kallon ƙwaryar da ke gabanta. Duk watannin nan da garin Taura ke tsokanarsa da hazbiya, mutum ɗaya ce ba ta taɓa ganin ƙurjin ba, ita ce wadda ta haife shi.

"Useni, Dada," Idirisu ya ce ƙasa-ƙasa, kansa a sunkuye. Roƙo ne da harshensu.

Dada ta ƙara jan mayafi.

Mashkura ba ta san lokacin da ta sauka daga benci ta durƙusa gaban tsohuwar ba. Ita ma kunyar ce ya kamata ta hana ta, surukar da ko gaisuwar kirki ba su taɓa yi ba. Ina! Yau ba ranar kunya ba ce.

"Dada, don girman Allah ki duba. Ni zan fita in kina so, likita ma za ta juya baya. Kallo ɗaya kawai. Rai ne, Dada."

Hawayenta ya ɗiga a kan ƙafar tsohuwar.

Can Dada ta juyo a hankali, ta ɗaga kai ta dubi fuskar ɗanta. Idirisu ya rufe ido don ya sauƙaƙa mata, rufewar kuwa ta ƙara fito da ƙurjin sarai.

"Bone!" Dada ta dafe ƙirji tana kiran masifa da harshensu. "Bone! La'ilaha illallahu!"

"Kin san shi, Mama?"

"Shi ne." Ta gyaɗa kai. "Wallahi shi ne. Mai gidanmu ya yi irinsu, a gefen hanci da nan saman ido, launin man shanu. Muka ce ƙurajen zafi ne. Bayan nan ciki ya fara. Yana zubar da jini in ya zaga, aka ce basir ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Ya rame har ana ɗaga shi da hannu ɗaya. Bai yi furfura ba ya tafi."

"Akwai wani kuma?"

"Ƙaninsa Gaji, shi ma ciki. Da yayarsu mace, ita jinin mata ne ya ƙi tsayawa." Ta sake duban Idirisu, wannan karon ba wanda ya roƙe ta. "Da na gani tun farko ai da na faɗa. Ni da na yi jinyar wancan, ai da na gane."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba a ji sautin kukanta ba, kafaɗunta ne kawai ke rawa.

Mashkura ta koma kan benci. Ɗakin ya yi mata ƙanƙanta.

"Ku saurare ni da kyau," in ji Dakta Chundung, "kada ku ɗauki abin da ban faɗa ba. Ban ce tabbas gado ne ba, sai an yi gwaji a kan naman da aka cire, da kuma jininsa. Amma abin da Mama ta faɗa ya ƙara mini zargi. Akwai wata larura da ke bin jini, tana kawo irin wannan ciwon a fata, tana kuma kawo kansar hanji, mata kuma ta mahaifa. In ita ce, to wannan ƙurjin gata ya yi masa, don ya fito inda ido ke gani. Za a duba hanjinsa da na'ura yanzu, a kuma riƙa dubawa a kai a kai, duk abin da ya taso a cire shi tun yana ƙarami. Babansa bai sami wannan damar ba. Ƙannensa ma sai an duba su."

Tambayar tana bakin Mashkura, kunya da tsoro suka riƙe ta. Idirisu ne ya yi ta.

"'Ya'yan da zan haifa fa?"

Likitar ta dubi Mashkura, ta dube shi.

"In ta tabbata, kowane ɗa zai iya ɗauka, zai iya tsira. Rabi da rabi ne."

A ƙarƙashin bishiyar darbejiya da ke harabar asibitin suka tsaya. Dada ta yi gaba can nesa ta zauna a kan dakali, ta ba su baya. Rana ta take, masu babur na ta kiran fasinja a bakin ƙofa, duniya na ta harkarta kamar ba abin da ya faru.

"Ka ji ni da kyau," Mashkura ta ce tana share fuska da gefen hijabi. "Maganar tiyata za a faɗa. Ƙurji ne, za a cire. Maganar gado kuwa, daga ni sai kai sai Dada. Ta mutu a nan."

"Mashkura."

"Kada ka ce mini Mashkura! Ka san abin da na sha kafin Abba ya yarda ya ko saurari sunanka?"

Ya sani mana. Mahaifinta Alhaji Isah, babban ɗan kasuwar hatsi, mutumin Ringim da zama ya kawo Dutse, cewa ya yi ba zai ba da 'yarsa ga mutanen da bai san inda kakanninsu suke kwance ba. Ga kuma ƙanwarsa, Gwaggo Iyatu, ta kafa ta tsare a kan ɗanta Abdulkahar, mai shagon kayan gini, wai tuwon gida ba ya fita waje. Mashkura ta ce ita ba tuwo ba ce. Aka yi faɗa, aka yi lallashi, aka daina amsa gaisuwarta, ta rame ta yi baƙi, ba ta janye ba. Da Alhaji ya ga abin ba na ƙare ba ne, sai ya kafa sharaɗi guda: zai tura amininsa Malam Muhammad zuwa Taura ya yi binciken asali, kamar yadda ake yi kafin a ba da aure. In aka sami wani mugun abu a jinin gidan, magana ta ƙare, kuma ita da bakinta ta amsa ta yarda.

"Kin yi wa Abba alkawari," in ji Idirisu.

"Na yi alkawari a kan abin da Malam Muhammad ya gano. Wa zai gaya masa? Danginku da ko ciwon kai ba sa faɗa wa baƙo?"

"To ni da na sani fa?"

"Likita ta ce ba tabbas! Ba ka ji ba? Ba tabbas!"

"Na ji. Na kuma ga fuskar Dada."

Ta fashe da kuka sosai, har wata mata mai wucewa da kwanon abinci ta tsaya ta ce Allah ya ba da haƙuri, a zatonta rasuwa aka yi.

"Kana so a ba wa Yaya Abdulkahar ni ke nan. Faɗi gaskiya, ka gaji."

"Wallahi da in gan ki a gidan wani gara a cire idanun nan duka biyun." Muryarsa ta karye, karo na farko tun safe. "Amma ki duba. Mutum ya ɗauki 'yarsa ya ba ni, ina durƙushe a gabansa ina godiya, alhali na ɓoye masa abin da ya tambaya? In ciwon ya kwantar da ni bayan aure, da wane ido zan kalle shi? In ɗanmu ya girma ya tambaye ni, na sani ko ban sani ba, me zan ce?"

"Ka ce uwarsa ta sani, kuma ta zaɓa! Ni zan yi jinyar, ni zan haifi 'ya'yan, ba Abba ba. Ni ba yarinya ba ce. Na ji komai da kunnena kuma ina so. Me ya rage?"

Ya sunkuyar da kai. Ta matso kusa da shi.

"Ka yi mini alkawari ba za ka je wajen Abba ba. Ka bar ni da shi. In an ɗaura, ni da kaina zan gaya masa."

"Mashkura, wannan ba..."

"Ka yi mini alkawari, ko wallahi in zauna a nan ƙasa in yi ta ihu har a tara mana jama'a."

Ya san za ta aikata. Ya ɗago ya dube ta da idon nan mai ƙurji, ta ji kamar ta sa hannu ta cire shi ta jefar.

"Na yi. Ni ba zan je ba."

Ba ta tsaya yi wa Dada sallama ba, kunyar da ta gudu ɗazu ta dawo mata. Ta tare mai adaidaita ta shige.

Motar Abdulkahar ta fara gani a ƙofar gida. Tun daga zaure take jin muryar Gwaggo Iyatu, matar da in tana magana a tsakar gida maƙwabta ba sa buƙatar rediyo.

"Ni dai na faɗa! An ce Bafulatanin nan idonsa ɗaya ya kumbura kamar an harbe shi. Haka kawai a kawo mana mai ido a shanye cikin zuri'a? A'a, ga 'yar gidan. Malama, an dawo? Me ya sami idonki ya yi ja haka?"

"Alli ne, Gwaggo. Ina wuni?"

"Alli! Wannan alli da ƙarfi yake."

Abdulkahar na zaune a kan kujerar roba yana juya makullin mota a yatsa. Ba mugu ba ne, a gaskiya, sai dai irin mutanen nan ne da ba su taɓa neman abu sun rasa ba, shi ya sa ya kasa gane me ake nufi da a'a.

"Ƙanwata, sannu da aiki. Kin ga da kin yarda da tuni kin huta da shan rana."

"Sannu, Yaya," ta ce, ta wuce.

Umma ta biyo ta ɗaki, ta tura ƙofa. Fuskarta ba ta nuna daɗi ko akasinsa ba.

"Wanke fuskarki. Malam Muhammad ya dawo daga Taura, suna falo da Abbanku. Abban ya ce in an yi la'asar yana son ganinmu duka, har da Gwaggonki."

"Umma, me ya gano?"

"Ni ma ban sani ba. Ke dai ki yi addu'a."

Addu'a? Mashkura ta yi sallar la'asar ba ta san me ta karanta ba. Ta ɗaga hannu ta rasa abin da za ta roƙa. Ta ce Allah ya rufa asiri, sai ta ji nauyin kalmar a bakinta, ta sauke hannun.

Falon Alhaji Isah ya cika. Shi yana kan darduma da carbi, Malam Muhammad a gefensa, tsoho mai farin gemu da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Umma da Gwaggo Iyatu suna gefe guda, Abdulkahar ya rakuɓe kusa da ƙofa. Mashkura ta durƙusa nesa kaɗan, ta sunkuyar da kai.

"Malam, maimaita musu abin da ka gaya mini," in ji Alhaji.

Malam Muhammad ya gyara murya.

"Na je Taura, na shiga har rugar da suka taso. Na zauna da limaminsu, na zauna da arɗo, na tambayi abokan gaba ma, don su suka fi faɗin gaskiya. Babu kuturta a gidan, babu taɓin hankali, babu farfaɗiya. Ba a taɓa kama wani nasu da sata ba. Uban ya rasu da wuri, na tambayi sababi, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Yaron kuwa, wallahi Alhaji, ban sami mutum ɗaya da ya faɗi aibinsa ba."

"To idon fa?" Gwaggo Iyatu ta cafe. "Ba a gaya maka idon ba?"

"Hazbiya ce, Hajiya. Ni ma na yi ta bara."

"Iyatu, ya isa," in ji Alhaji. Ya ajiye carbin. "Na kafa sharaɗi, Allah ya wanke yaron nan. Ni ba na magana biyu. Abdulkahar, ka yi haƙuri, kai ɗana ne, Allah ya ba ka wadda ta fi ta. Mashkura, na ba wa Idirisu ke. Su turo manyansu a sa rana."

Umma ta rufe baki da mayafi tana hamdala. Gwaggo ta tafa hannu ta ce yau ta ga abin da ya ishe ta. Abdulkahar ya tashi ya fita ba sallama.

Mashkura kuwa ta kasa ɗaga kai. Wannan ita ce maganar da ta yi shekaru tana mafarkin ji. Ta sha raya yadda za ta yi in ranar ta zo, ko guɗa, ko sujada, ko ta rungume Umma. Ga ranar ta zo, ita kuma ji take kamar an ɗora mata buhun gero a ƙirji.

"Uwata," Alhaji ya kira ta da sunan da ya daina kiranta da shi tun da rigimar ta fara, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Muryarsa ta yi laushi. "Na wahalar da ke, na sani. Ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne irin na uba. Yanzu saura abu guda, don in sauke nauyin da Allah ya ɗora mini. Malam ya tambayi mutanen waje, ke kuwa kin fi kowa sanin yaron nan. Tsakaninki da Allah, akwai wani abu da kika sani game da shi ko gidansu, wanda ya kamata in sani kafin in ɗaura?"



Mashkura ta tuna fuskar Idirisu a ƙarƙashin darbejiya. Ta tuna Gwaggo na zaune tana jira, kalma ɗaya ta ishe ta. Ba ta taɓa yi wa mahaifinta ƙarya a kan babban abu ba, ko lokacin da gaskiyar ke jawo mata fushinsa.

"Babu, Abba."

"Alhamdulillahi. Malam, yi mana addu'a."

Suka ɗaga hannuwa. Malam Muhammad bai kai ga shafawa ba aka yi sallama daga tsakar gida, muryar mace, siririya, da karin harshen Fulani.

Mashkura ta gane muryar nan take. Idirisu ya yi alkawari ba zai zo ba, kuma bai zo ba. Ita ce ba ta tuna da neman alkawarin kowa ba bayan shi. Wa zai yi zaton uwar ɗan fari za ta tako gidan surukai da ƙafarta, a kan maganar ɗan da ko sunansa ba ta kira?

Umma ta fita ta shigo da ita. Dada ta tuɓe takalmi, ta durƙusa a bakin ƙofa, ƙurar hanya har gwiwarta. Aka yi mata tayin darduma ta ƙi.

"Alhaji, ka gafarce ni, na zo ba a aiko ni ba. Ni ce uwar Idirisu."

Ta faɗi sunan a fili, a gaban kowa. Malam Muhammad, da ya san al'adarsu, sai da ya ɗago kai da sauri.

"Mutuminka ya zo garinmu ya yi tambaya, ba a gaya masa duka ba, don mu ba ma faɗin ciwo. Shirun nan ya ci mini miji, yau na ga yana neman ɗana. Ba zan bari ya shiga gidanka da 'yarka ba ka sani ba. Abin da ke idonsa ba hazbiya ba ce, ciwon daji ne, kuma likita tana zargin na gado ne. 'Yarka yarinyar kirki ce, ita ta durƙusa ta roƙe ni na duba shi. Na san ta riga ta gaya maka, tunda a gabanta aka faɗi komai. Na zo ne kawai kada a ce daga bakinmu ba a ji ba."

"La'ilaha illallahu!" Gwaggo Iyatu ta miƙe tsaye. Umma ta dafe bango.

Alhaji Isah bai dubi Dada ba, bai dubi ƙanwarsa ba. Hannuwansa na nan a ɗage yadda addu'a ta bar su. A hankali ya sauke su kan gwiwa, ya juyo ya zuba wa 'yarsa ido. Da tsawa ya yi mata da ta fi sauƙi.

"Mashkura," ya ce, "ɗago ki dube ni. Sake faɗa mini abin da kika ce yanzu."